Akwatin Likita da Kibiyar Borgu

Mai karatu, idan ka hau mota daga Parakou ka nufi arewa, bayan tafiyar kilomita kamar 60 za ka iske wani gari da ake kira N'Dali. Mararraba ce. Hanya ɗaya ta yi gabas zuwa Nikki da iyakar Nijeriya, ɗaya ta yi yamma zuwa Djougou, ta uku ta miƙe zuwa Kandi da Malanville har bakin kogin Kwara. Direbobi na tsayawa, a sha ruwa, a sayi abin taɓawa, a wuce. Cikin masu wucewar nan, mutum nawa ne suka san cewa a wannan gari ne zazzaɓi ya kashe wani babban likitan sojan Jamus, ranar 26 ga Yuni 1889, saura kwana huɗu ya cika shekara 39 a duniya?

Sunansa Ludwig Wolf. Kada ka ɗauka sabon shiga ne wanda bai san zafin Afirka ba. Ya yi karatun likita a Jamus, ya yi aikin likitan jirgin ruwa, ya shiga soja. Daga 1883 ya bi ayarin Hermann Wissmann zuwa ƙasar Kwango, ya yi shekaru yana yawo a kogin Kasai da Sankuru, cikin dazuzzukan da suka cinye Turawa da dama, ya fito da ransa. A 1888 gwamnatinsa ta turo shi Togo, ya kafa tashar Bismarckburg a kan duwatsun Adele. Idan akwai Baturen da ya kamata a ce ya san yadda ake tsere wa zazzaɓi a wancan zamani, to shi ne. To me ya kai shi N'Dali?

Tsere ne ya kai shi. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Turawa sun riƙe bakin teku, amma ƙasashen da ke can ciki sun zama na wanda ya riga isa ya sa sarki ya dangwala hannu a takarda. Jamus na Togo, Faransa na Dahome, Ingila na Legas da kogin Kwara, kowa idonsa na kan Borgu, ƙasar Bargawa da N'Dali da Nikki ke cikinta. Su a taswirarsu wurin fari ne fat, ba a rubuta komai ba. Abin dariyar shi ne, wannan wuri da suke kira wanda ba a sani ba, kakanninmu sun daɗe da tattake shi da kofaton jakai.

Hanyar Gwanja ke nan. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Yawuri ko Busa, ya ratsa Nikki da Parakou, ya yada zango a Djougou, wadda mutanen wurin ke kira Zugu, sannan ya gangara Salaga ya ɗauko goro. A Djougou sarki na zaune a Kilir, baƙi 'yan kasuwa kuwa suna unguwar Wangara, inda ake jin Dendanci da Hausa. Kowane ayari da madugunsa da jagabansa da malaminsa. Suna da cututtukansu, kada a yi ƙarya: kurkunu na kwantar da ƙato wata da watanni, atuni na kashewa, agana idan ta shiga zango sai dai addu'a. Amma akwai wata doka da ba a rubuta ba wadda kowane madugu ya sani. Tafiya ta rani ce. Idan damina ta kankama, rafuka suka cika, ciyawa ta fi mutum tsawo, tsando ya fara kashe dabbobi, sai a nemi mai masauki a zauna har ruwa ya ɗauke.

Wolf ya bar Bismarckburg a watan Afrilu na 1889, daidai lokacin da hadari ke haɗuwa. A watan Mayu ya ƙulla yarjejeniya da Jobo Bukari, sarkin Chawujo, a yankin Sokode na yau. Daga nan ya isa Djougou. To, mai karatu, ga ka a Djougou, ruwa ya sauka, kana da masauki, kasuwa na ci, abinci bai yanke ba. A gabanka kuma ga Nikki, babban birnin Bargawa, wanda wani Bature bai taɓa sa wa sarkinsa takarda a gaba ba, kuma kana tsoron Bafaranshe ko Ingilishi ya riga ka. Da kai ne, zama za ka yi ko ɗaure kaya?

Shi dai ya ɗaure kaya ya yi gabas. A hanya doki ya kayar da shi, ya ji ciwo. Kan ciwon nan zazzaɓi mai tsanani ya sauka. Aka lallaɓa da shi har N'Dali, inda ƙarfinsa ya ƙare, saura tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba ya ga ganuwar Nikki. Mataimakinsa Erich Kling na can Bismarckburg yana tsaron tasha. Mutanen da ya ɗauka aikin dako da tafinta su ne suka yi jinyar likita, su ne suka binne shi, kuma sai bayan watanni labarin ya isa Jamus. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

Za ka ce, ashe ba shi da magani? Yana da shi. Tun 1820 wasu masana biyu a Faris suka tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona. A 1854 Dakta William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad, ya tilasta wa Turawan da ke tare da shi shan kwinin kullum, ya dawo ba wanda ya mutu, alhali ayarin da ya shiga kogin a 1841 ya binne sama da mutum 40. Saboda haka Wolf ya san kwinin sarai. Abin da bai sani ba shi ne inda cutar take fitowa. A 1880 ne Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani soja a Aljeriya, amma yadda take shiga jikin mutum ya ci gaba da zama duhu har 1897, lokacin da Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Shekara takwas ke nan bayan an rufe kabarin Wolf. Likitocin zamaninsa da yawa iska suke zargi, wato tururin da ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓen ganye. Sai mutum ya toshe hanci don gudun warin fadama, sauro kuwa na cizonsa a ƙafa yana ganin ƙaiƙayi ne kawai. Ga kuma wata masifa: wanda ke shan kwinin yau ya bari gobe, yakan faɗa wa zazzaɓin nan mai sa fitsari ya yi baƙi, wanda ke lalata ƙoda cikin 'yan kwanaki.

Wani abu da ke ba ni mamaki a tarihin tafiye-tafiyen nan shi ne yadda mutuwa ke fara ɗaukar likitan ayari. Dakta Walter Oudney, abokin tafiyar wani Bature matafiyi mai suna Clapperton, ya mutu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824, bai ga Kano ba. Da Clapperton ya dawo karo na biyu ya sauka Badagiri a Disambar 1825, watan bai ƙare ba sai da ya rasa Dakta Morrison da Kyaftin Pearce. Ɗaya likitan nasa, Dakta Dickson, ya sauka a Wida, ya bi ta Abome ya nufi arewa da niyyar su haɗu a gaba, ba a sake ganinsa ba. Shi kansa Clapperton ya ratsa Borgu ta Kayama da Wawa da Busa, ya je ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. Maganin zamanin nasu ma wani ciwon ne: a tsaga jijiya a zubar da jinin mai zazzaɓi, a ɗura masa garin da aka haɗa da zaiba har dasashinsa ya kumbura. Wa ya fita da rai? Baransa Richard Lander, da wani dattijo Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma Baikie mai kwinin, bayan ya zauna shekaru a Lakwaja, ciwo ya kayar da shi a Saliyo a 1864 yana hanyar komawa gida.

Ajiye likitoci haka nan. Ga soja tafe.

Shekara biyar bayan mutuwar Wolf, tseren Nikki ya kai maƙura. George Goldie, mai kamfanin Royal Niger, ya ji cewa Faransa ta gama da Dahome, ta tura Kwamanda Decoeur arewa. Sai ya ɗauko wani kyaftin ɗan shekara 36, siriri, mai gashin baki, wanda tun a 1888 harsashi ya ratsa masa hannu biyu da ƙirji a Karonga, bakin tafkin Nyasa, bai mutu ba. Sunansa Frederick Lugard. I, shi ɗin dai, wanda kakanninmu za su kira Gwamna Lugga. Amma a 1894 ba gwamnan kowa ba ne, ma'aikacin kamfani ne da aka aika neman sa hannu.

Ya tashi daga Jeba a ƙarshen damina da soja kimanin 40, yawancinsu sababbin ɗauka, da 'yan alaro kusan 300, Hausawa da Nufawa da Yarabawa. Turawa biyu ke tare da shi, ɗaya daga cikinsu likita ne, Dakta Mottram. Jakunan da ya saya suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya cikin laka da ruwa, abin da duk wani madugu zai gaya masa kyauta. Ya zo Kayama, inda sarki Mora Tasude ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma gargaɗe shi game da abin da ke gaba. Gargaɗin ba na banza ba ne. Borgu ƙasa ce da mayaƙan jihadi ba su ci ba. 'Ya'yan sarautarta, Wasangari, sun shahara da tare ayari, kuma kowane falke ya san abin da ake tsoro a wurin Bargawa: kibiya mai dafi.

Ya isa Nikki a farkon Nuwamba. Sarki ya ƙi ganinsa. Sai ta hannun limamin gari aka yi magana, aka rubuta yarjejeniya ranar 10 ga Nuwamba 1894, Lugard ya naɗe takardarsa ya yi kudu yana murna ya riga Faransa. 'Yan kwanaki da barinsa Nikki, cikin dogayen ciyayi, Bargawa suka far wa ayarin. Kibau suka yi ta sauka. Ɗaya ta huda ƙatuwar hular nan mai kauri da Turawa ke sawa don rana, ta kafe a ƙoƙon kansa.

Tsaya in gaya maka abin da ke jikin irin wannan kibiya, don ka san halin da mutumin yake ciki. Akwai wani tsiro mai yaɗo da maharbanmu ke kira kwankwani. 'Ya'yansa ake dakawa, a dafa har ya yi kauri ya yi baƙi, kowane gida da abin da yake ƙarawa na sirri, sannan a shafa a bayan kunnen kibiya. Dafin ba ruwansa da girman rauni. Zuciya yake nema. Idan ya shiga tsoka da yawa, sai bugun zuciya ya rikice, ya yi ta raguwa, mutum ya yi amai, ya faɗi, sau da yawa kafin a gama neman mai magani. Da shi ake kayar da ɓauna. A akwatin likitan Turai na 1894 kuwa babu wani tabbataccen makarinsa.

Kibiyar ta ƙi fita. Ƙarfe ya kama ƙashi. Lugard da kansa ya ba da labarin yadda mai cirewar ya riƙa jan sa a ƙasa, har sai da aka taka shi da ƙafa aka dage sannan aka fizge ta. Ka duba wannan hoto da kyau, mai karatu: mutumin da nan da shekara 20 zai haɗa Kudu da Arewa ya zama gwamnan Nijeriya baki ɗaya, ga shi kwance cikin ciyawa, ƙafar wani talaka a kansa.

Sai mutanensa suka kewaye shi. Wanda ya san hanyar Borgu ba ya shigarta hannu rabbana, kowa da ɗan ƙullinsa na makari a lalita ko a bakin zane. Wannan ya miƙo saiwa a tauna, wancan ya kwaɓa gari a sha, wani ya shafa nasa a kan raunin. To ga tambaya. Kai Bature ne, ɗan limamin coci, hafsan sojan Sarauniya, an rene ka a kan cewa duk wannan camfi ne na jahilai. Kana da likita mai takardar shaida a cikin ayarinka. Jini na zuba a fuskarka, ba ka san ko minti nawa suka rage maka ba. Ga hannuwa baƙaƙe sun miƙo maka abin da ba ka san sunansa ba. Za ka karɓa, ko za ka mutu da girman kanka?

Lugard bai tsaya shawara ba. Duk abin da aka miƙo ya haɗiye, mai ɗaci da mai wari, bai bar ko ɗaya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya miƙe ya ci gaba da ba da umarni, aka kori maharan, ayari ya ci gaba da tafiya. Dafin bai kashe shi ba.

Shin makarin ne ya cece shi? A nan sai a yi adalci. Kibiyar ta fara ratsa hula mai kauri, wadda za ta iya share wani abu daga dafin. Ta kuma sauka a kai, inda fata ce kawai a kan ƙashi, babu tsokar da za ta tsotse shi, ga jinin kai da saurin zuba yana wanke rauni. An kuma cire ta nan take. Likitan yau zai fi jingina tsirarsa ga waɗannan. Amma ni abin da na fi riƙewa shi ne wannan: a wannan sa'a, cikin mutum ɗari uku, waɗanda suka san wannan dafi, suka san yadda yake kisa, suka zo da shirinsa tun daga gida, su ne masu ɗaukar kaya a ka. Kuma Lugard, duk da taurin kansa, ya gane haka cikin ƙiftawar ido. Wolf ya riƙe ilimin Turai shi kaɗai cikin damina, ilimin da a lokacin rabinsa duhu ne. Lugard ya ƙara da na mutanen ƙasa, ko da bai yarda da shi ba.

Ga wani abin da zai ƙara ba ka mamaki. Dafin nan da ya kusa kashe shi, a daidai wannan lokaci ana sayar da ɗan'uwansa a kantunan magani na Ingila. Dakta John Kirk, likitan ayarin Livingstone a kogin Zambezi, ya taɓa ajiye 'ya'yan irin wannan tsiro wuri ɗaya da burushin goge haƙoransa. Da ya yi amfani da burushin sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga wannan tsautsayi aka kai tsiron Edimbara, Farfesa Thomas Fraser ya yi shekaru yana bincikensa, a 1885 ya gabatar da shi a matsayin maganin ciwon zuciya. Ɗigo kaɗan ya ƙarfafa zuciyar da ta gaji, da yawa ya tsayar da ita. Kirk ɗin nan kuwa babban aminin Lugard ne kuma mai ba shi shawara. Maharban Afirka sun riga likitocin Turai sanin aikin wannan tsiro a zuciya da ɗaruruwan shekaru, illa dai su nama suke nema da shi.

To duk wannan wahala, me ta haifar? Kwana 16 bayan takardar Lugard, ranar 26 ga Nuwamba, Decoeur ya samu tasa a Nikki. Ya zo da soja masu yawa, sarki ya fito ya gan shi ido da ido. Faransawa suka ce takardar Ingilishi ba ta da daraja, tunda liman ya gani, bai ga sarki ba. Suka bi Parakou da Djougou da sauran garuruwa suna tara sa hannu, daga baya suka girke soja. A 1897 Jamus ta sallama wa Faransa Djougou, ƙasar da Wolf ya ba da ransa a kanta. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka tsaga Borgu gida biyu: Busa da Kayama ga Ingila, Nikki da Parakou ga Faransa. Shi ya sa yau ɗan Parakou ke karatu da Faransanci, ɗan'uwansa na Kayama da Ingilishi, alhali kakansu ɗaya. Kling ma, wanda ya gaji Wolf ya bi sawunsa zuwa Djougou, ciwon da ya kwaso a tafiya ya kashe shi a 1892.

Saura tambaya ta ƙarshe, kuma ita ce mai nauyi. Ka sa kanka a matsayin ɗan alaron nan, ko sojan nan Bahaushe, da ƙullin makari a lalitarsa. Ga maigidanka kwance da kibiya a ka. Ba ka san gaibu ba. Abin da ka sani kawai shi ne idan ya mutu a dajin Borgu, ayari ya watse, ba lada, wataƙila ba ma komawa gida. Kuma ɗan Adam ne ke shure-shure a gabanka. Ni ban ga laifin wanda ya kwance ƙullinsa ba. Amma da wani zai raɗa maka a kunne cewa wannan mai jini a fuska shi ne zai kafa rundunar da za ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi ta kashe shi a Yulin wannan shekara, da hannunka zai kai ga lalitar? Ko kuwa za ka ce ka manta makarin a Jeba?

Ka ba kanka amsa, mai karatu. Shi dai Lugard ya mutu a gidansa da ke Abinger a Ingila ranar 11 ga Afrilu 1945, yana da shekara 87.